Tsatsa Ta Ci Bindigar Baba

Zuwa ga Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka a can Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan kalau muke. An gama yankan gero, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da sanda.

Saƙonka ya iso cewa in kai bindigar Baba gyara kafin Sallah, za ka rataye ta a falonka. Sai da na ɓalle kwaɗon ɗakin da ka kulle ranar sadakar bakwai ka tafi da makullin. Damina huɗu ke nan, Yaya. Azara ta karye, ruwa yana zuba daidai kusurwar da take jingine. Sau biyu ina roƙonka makullin nan, ka ce kada a taɓa kayan gado sai ka zo. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na kai ta wurin Malam Mika'ilu maƙeri, abokin farautar Baba. Ya ɗaga bututun ya leƙa a hasken rana. Can ya ce tsatsa ta ci cikinsa rami-rami, kamar waken da ƙwari suka huda. Zai iya goge shi ya shafa mai ya yi kyau a ido, amma ramukan suna nan, ranar da aka ɗura albarushi tana iya fashewa a hannun mai ita. Yanke bakin ma ba zai yi amfani ba, ɓarnar ta kai har gindi. Sai dai a sa sabon bututu, wannan kuwa ya ce wata bindiga ce, ba ta amininsa ba, kuma ba da hannunsa ba.

Ban yarda a yi ko ɗaya ba. Da na dawo da ita Inna ta shafa ta, tsatsar ta kama tafinta. Ta ce shekara arba'in Baba bai taɓa bari raɓa ta sauka a kanta ba, kuma da ita ya ciyar da mu da naman fakara shekarar fari. Tana ɗakin Inna yanzu, yadda take. In ka zo, ka shiga ka ɗauka a gabanta.

Ka gaida Yaya Furera, da su Rumaisa da Kamaruddeen. Zakiyya tana gaishe ku.

Ƙaninka,
Khalilu