Daga Wace Rana Zan Ƙirga Takabata?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, garinmu in mutum ɗaya ya gane ka to kowa ya gane ka. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, ko mai zafi ce ku faɗa mini zan ɗauka, kwana goma sha shida suka rage mini kuma wallahi kaina ya kulle.

Ni mace ce, shekarata talatin da ɗaya, yarana biyu. 'Yar Kaura Namoda ce ni, aure ya kawo ni Shinkafi shekara tara da suka wuce. Na yi difloma a fannin kwamfuta kafin aure, sai dai takardar ta daɗe a ƙasan akwati. Maigidana direba ne, ƙaramar mota yake ja tsakanin Shinkafi da Kaura. Bokonsa bai yi nisa ba, amma shi ya sayo mini laftof ta hannu ya ce in tashi in nemi abin yi da karatuna. In babu wuta ya tafi da ita Kaura ya yo caji, ya dawo da ita nannaɗe cikin sallaya kamar jaririya. Netwok kuwa a gidanmu sai a bayan rumbu, can nake shimfiɗa tabarma kaji suna tsallake ni. Shekara biyu ina koyon gwajin manhaja ta intanet, wato a ba ka manhajar waya kafin a sake ta, ka yi ta latse-latse kana neman inda ta lalace ka rubuta. Yakan ce aikin ya dace da ni, tunda ko miyar gidan biki sai na samo mata aibi.

Shi ya fara kawo maganar mu tashi. Hanya ta lalace, duk fitar da zai yi sai mun yi sallama kamar ba za a sake haɗuwa ba. Wani abokinsa da ya koma Lugbe, gefen Abuja, ya ba shi labarin yadda wurin ke cika, inda daji ne bara bana gidaje ne, ga ƙananan kamfanonin fasaha suna ta buɗewa suna neman masu irin aikina. Shirinmu shi ne in na samu aiki mu koma gaba ɗaya, shi ya riƙa jan tasi a can, mu sa yara makaranta, in mun zauna da gindinmu mu ɗauko mahaifiyarsa, Inna, wadda muke gida ɗaya da ita. Yana tsaye a kaina na tura takarduna wurare huɗu, har yana cewa in duba da kyau kada in rubuta Shinkafi da kuskure su ɗauka mu 'yan ƙauye ne.

Bayan nan da sati uku, wata ranar Litinin, aka tare hanya aka shiga daji da shi da fasinjojinsa. Ba zan iya ba ku labarin kwanakin nan ba. Masu riƙe da su suna kira, kullum maganar ɗaya ce, yana nan lafiya, amma ba su taɓa ba shi waya ba. Ni tun a sati na biyu jikina ya yi sanyi, domin yana da ciwon suga kuma maganinsa a gida ya bar shi. Inna kuwa ba ta taɓa yarda ba. Kullum in aka kwashe tuwo sai ta sa a zuba nasa a kwanonsa, ta rufe da faifai ta ajiye a ɗakinta, wai kada ya shigo da yunwa a tsaya hura wuta. Da safe ta bayar da shi sadaka, da yamma a zuba sabo. Haka muka yi kusan sati bakwai.

Ranar da aka sako sauran, wani mutumin Birnin Tsaba da ke cikin motar ya sa aka kawo shi har gida, ƙafafunsa duk a kumbure. Shi ya shaida mana cewa maigidana ya rasu tun da wuri, ciwon ne ya tashi, kuma su suka yi masa salla suka rufe shi da hannunsu. Aka tambaye shi yaushe, ya ce ranar Alhamis ce, don ya tuna da safiyar suna cewa yau da a gida suke da suna kasuwar Shinkafi. Amma Alhamis ta farko ce ko ta biyu, ya ce ba zai rantse ba. A ranar nan na cire 'yan kunne na shiga takaba. Babu wanda ya yi maganar lissafi, ni ma ban yi ba, wa ke da wannan hankalin a lokacin. Inna ce ta ɗauko 'yar ƙwarya ta ƙirga wake ɗari da talatin ta zuba, kwanakin wata huɗu da kwana goma ke nan, kuma tun daga ranar kullum in ta idar da sallar asuba sai ta shigo ɗakina ta cire ƙwaya ɗaya, ta yi masa addu'a, ta yi mini. Kada wani ya ɗauka muguwar suruka ce, wallahi uwar da ta haife ni ba ta fi ta riƙe ni ba.

Ina wata biyu a ɗaki saƙo ya shigo daga ɗaya daga cikin kamfanonin nan. Na so in share, sai na tuna wanda ya tsaya a kaina na tura. Aka yi intabiyu ta bidiyo, ina cikin hijabi babu ko kwalli, ƙanwar maigidana ta riƙe mini waya ta taga don netwok. Sun ba ni gwaji na yi, bayan kwana biyar suka ce sun ɗauke ni. Albashin zai riƙe ni da yara da Inna ba tare da mun kalli hannun kowa ba, har da ɗaki za su ba ni na wata uku kafin in kama haya. Sharaɗi ɗaya ne, sai na je da kaina ranar da za a fara tirenin, wato horon aiki, duk sababbin ma'aikata rana ɗaya suke farawa. Matar da ta kira ni daga kamfanin ta tambaye ni ko ranar ta yi mini, bakina ya riga hankalina na ce ta yi. Ban ce mata ina takaba ba. Tsoro na ji, na ga kamar in suka ji bazawara ce mai yara biyu daga Zamfara za su ce a bari sai wani lokaci. Wannan kuskurena ne kuma na yarda da shi.

Da na kashe waya na leƙa ƙwaryar Inna, sai na ga ranar ta faɗo cikin takaba da fiye da wata guda. Na kira yayana a Kaura ina kuka. Shi ne ya je wurin wani malami da ya yarda da iliminsa ya kwashe labarin duka ya faɗa masa. Malamin ya ce takaba daga ranar rasuwa take farawa, ko matar ta sani ko ba ta sani ba, kuma tunda ana shakka tsakanin Alhamis biyu in ɗauki ta biyun don in fita daga kokwanto. Ga masu tambaya, ba ni da ciki. In aka bi wannan lissafin, yau saura mini kwana goma sha ɗaya, in fita takaba har in samu kwana biyar na shiri. In aka bi ƙwaryar Inna, saura arba'in da takwas, ranar fara aikin kuma saura goma sha shida.

Ban tsaya nan ba, na aika ƙanin maigidana wurin limamin unguwarmu. Liman bai ƙaryata malamin Kaura ba, ya ce haka hukuncin yake, amma shaida mutum ɗaya ne, mutumin da shi kansa ya ce a daji kwanaki duk kama suke yi, to me zai hana ta zama Alhamis ta uku ko ta huɗu. Ya ce in da ta shi ne in cika yadda aka fara, babu wanda ya taɓa yin nadama don ya ƙara wa mamaci kwana. Na sa aka sake kiran mutumin Birnin Tsaba, bawan Allah har ya fashe da kuka a waya, ya ce shi dai ya san ba su daɗe ba, kada a ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Kunya ta kama ni na ce a ƙyale shi.

Na rubuta wa kamfanin gaskiya daga baya. Matar ta yi mini ta'aziyya da kyau, ta ce za su iya ɗaga mini sati ɗaya, fiye da haka sai dai a ba na bayana a jerin masu neman aikin, ni kuma in sake nema in an buɗe, kuma ba ta san yaushe ba. Sati ɗaya bai kai ko'ina ba. Na roƙa in fara daga gida, ta ce kwamfutar aiki da izinin shiga manhajarsu a ofis ake bayarwa hannu da hannu. Ko da sun yarda ma, da netwok ɗin bayan rumbu zan yi musu aiki?

Ƙanin maigidana tun da ya gane inda na dosa ya daina amsa gaisuwata da kyau. Ya ce shi ba ya jayayya da malamai, amma mutanen gari ba littafi suke dubawa ba, ranar da suka zo gaisuwa ita suka sani. In na fita za a ce matar wane ta tsallake takaba ta tafi Abuja neman kuɗi, kuma 'yata ce za ta girma da wannan sunan, ranar aurenta sai an tuna. Na ce masa to su mutanen garin su za su ciyar da ita? Motar da muke ci da ita an ƙone ta a hanya, gonar gidan bana ba a shiga ba saboda tsoro, shi kansa da iyalinsa da ƙyar suke kaiwa. Ya ce Allah ne mai ciyarwa. Na ce na sani, kuma Shi ne Ya kawo wannan aikin. Mun rabu kowa ransa a ɓace, ni kuma na san a maganarsa akwai gaskiyar da ba na son ji.

Duk wannan zan iya shanyewa. Abin da ya karya ni shi ne Inna. Shekaranjiya da ta shigo cire wake na tattara ƙarfin hali na zaunar da ita, na yi mata bayani a hankali, aikin, da Lugbe, da abin da malamin Kaura ya ce, da cewa ɗanta ne ya tsara wannan tafiyar har da ita a ciki. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana juya ƙwaryar a hannu, sannan ta ce, "Ɗiyata, ni ban yi karatu ba, ban iya gardama da malamai. Amma in kin ce tun waccan Alhamis shi ya tafi, to tuwon da niƙ ƙare kwana da kwanaki ina aje mai, wa ni aje ma?" Sai a lokacin na gane, a wurinta ɗanta ya rayu har ranar da aka zo aka faɗa mata, kwanakin nan da take rufe kwano da faifai yana da rai a cikinsu. In na ja lissafi baya, kamar na ƙwace mata sati biyar ne na ransa, na ce mata duk addu'ar dawowar da ta yi a kan kabari ta yi ta.

Ta cire ƙwayarta ta fita. Jiya ta shigo, yau ma ta shigo, ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai ta daina kallon idona. Ɗazu ƙaramin ɗana ya ɗauki ƙwaryar yana kaɗawa, ta karɓe da sauri.

Ni ba gajiya na yi da takaba ba, Allah Shi ne shaida. In da zaman shekara zai dawo da shi zan zauna biyu. Amma ina kallon yaran nan, babbar tana aji uku a firamare, makarantar ma yau a buɗe gobe a rufe, kuma na san irin wannan damar ba ta bin mace har bayan rumbu sau biyu. Wani lokaci in ji kamar muryarsa yana cewa tashi ki tafi, ba don haka na yi ta jigilar caji ba? Wani lokaci kuma in ce mutumin da ko gawarsa ban gani ba, ko wanka ba a yi masa a gida ba, kwanakin nan su kaɗai suka rage in ba shi, su ma zan yi musu ragi?

To jama'a ku faɗa mini. Malaman da ke cikin zauren nan, in na fita bayan kwana goma sha ɗaya, ina da laifi wurin Allah ko babu? Matan da suka taɓa takaba, ku da kuka san abin da ake ji, da ku ne ya za ku yi? Akwai wanda ya san yadda ake lallashin kamfani su jira mutum wata guda? In kuma tafiyar ce shawararku, kada ku tsaya a cewa ki tafi kawai, wannan mai sauƙin rubutawa ne. Ku koya mini kalmomin da zan faɗa wa tsohuwar nan ranar da zan ɗauki jakata, alhali akwai sauran wake talatin da biyu a ƙwaryarta.