Tukunyar Ƙarƙashin Benci

Litinin, 3 ga Maris

Baba ya dawo bai taɓa abinci ba. Shukokin ɗakin gilashi na lambun da yake aiki suna mutuwa, waɗannan da ake kira fan, masu ganye kamar gashin tsuntsu, da ba sa fure. Ganyen ya koma fari-fari kamar an shafa toka. Mai lambun ya ce Baba ne ya ƙona su da feshi. Shekara sha ɗaya yana rainon su. An ba shi mako biyu, in ba su farfaɗo ba ya bar aikin.

Laraba, 5 ga Maris

Ban gaya wa kowa ba, sai ke, takarda. A littafin da nake karantawa, yarinyar tana da shuka a taga, kullum tana ba ta labarin wanda take so. Ni ma na ciro fan ɗaya a gindin tankin makaranta, na dasa a tukunya. Ba ni da wanda zan ba da labarinsa, amma dai. Da ta fara yaushi sai na kai ta ɗakin gilashi ranar da na kai wa Baba abinci, na tura ta ƙarƙashin benci. Wata biyu kenan.

Wataƙila ba ruwanta.

Asabar, 8 ga Maris

An kawo wata malamar ƙwari. Ta shimfiɗa farar takarda, ta karkaɗa ganye a kai. Sai ga wasu ɗigo-ɗigo suna tafiya, ba su kai ƙwayar riɗi ba. Ta ce, "Malam, ba feshinka ba ne, wani ƙwaro ne, sunansa tirif." Baba ya yi ajiyar zuciya.

Ta tsince su da ɗan buroshi zuwa kwalba. Ta ce iri-iri ne: wani yana cin kowace shuka, iska ma kan kawo shi. Wani kuwa fan kaɗai yake ci, yawanci sai an shigo da shi a jikin sabuwar shuka. Baba ya ce shekara guda ba sabuwar da ta shigo, har da rantsuwa.

Ina tsaye, ƙafata tana taɓa tukunyar.

Lahadi, 9 ga Maris

Ya Allah ya zama na iska.

Talata, 11 ga Maris

Baba ya aike ni ofishinta da ƙarin ganye. Na yi sallama sau uku kafin ta ji. "Ke muryar taki a gida kika baro ta?" Ta ce in leƙa madubinta mai ƙara girman abu.

Ban san haka ƙwaron yake ba. Fikafikansa sirara, gefensu duk gashi, kamar gashin idon da ake ta yabo a littattafaina. Ta sa na ƙirga gaɓoɓin ƙahonsa. Na ce bakwai. Ta ce sake. Takwas. Ta duba gashin bayansa, ta buɗe wani ƙaton littafi, ta gwada da hotunan ciki.

Mai cin fan ne.

Laraba, 12 ga Maris

Mai lambun ya ce to ashe Baba yana shigo da shukokin waje a ɓoye, ga ƙarya kuma. Mama tana ta cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, gaskiya za ta fito. Na tashi na shiga banɗaki.

Alhamis, 13 ga Maris

Na je ɗakin gilashi. Baba da mai lambun da malamar duk suna nan. Na durƙusa na jawo tukunyar. Na shirya magana mai tsawo a hanya, irin ta littafi, amma abin da ya fito kawai, "Baba, tawa ce."

Malamar ta karkaɗa ta a takarda. Takardar ta yi baƙi da ƙwari.

Baba bai dake ni ba. Da ma ya daka. Ya ce, "Kina kallo na rantse." Shi kenan.

Mai lambun ya bar shi a aiki, amma an ƙone rabin shukokin, har da babbar da yake raino tun kafin in shiga makaranta.

Talata, 18 ga Maris

Har yanzu gaisuwa kawai Baba yake amsawa. Amma yau da safe na tarar da farar takarda da ɗan buroshi a kan jakata. Mama ta ce ba ita ba ce.

Bayan makaranta na duba tukwane arba'in. Uku na da ƙwaron. Na ware su. Baba ya zo ya sake duba su bayan na gama, bai sami ko ɗaya da na tsallake ba. Ya miƙo min ruwa.

Littafin yana shafi na 140 tun makon jiya. Ban san ko yarinyar da wanda take so sun yi aure ba. Na zana fiffike a bangon baya, gashin bai fito daidai ba. Gobe zan tambayi malamar, idan muryar ta biyo ni.