Almakashin Hannun Hagu

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da Baba da Kaka da ƙannena. Yaya ƙafar Kaka? Ni lafiyata ƙalau. Ɗakin da muke kwana yana ɗan yoyo, amma gefena ba ya jiƙewa sosai.

Inna, saura kaɗan a maido ni gida. Duk yadin da aka ba ni in yanka sai ya karkace, har 'yan matan shagon ɗinkin suka sa mini suna Karkatacciya. Ranar da na ɓata rigar wata mata, bayan labule na shiga na yi kuka.

Uwar ɗakinmu ba ta yi faɗa ba. Washegari tana kallona ina shara, sai ta ce, "Ke 'yata, da wane hannu kike riƙe da tsintsiyar nan?" Na yi sauri na mayar da ita dama. Ta yi dariya ta ce, "Ashe bahaguwa ce ke, kike ta azabtar mini da yadi?" Na sunkuyar da kai na ce a gida an hana ni. Ta ce, "Nan ɗinki muke yi, ba cin abinci ba."

Ta sayo mini almakashi na masu hagu. Ban taɓa sanin akwai irinsa ba. Yanzu ni nake yanka wuyan riga, masu tsokanata kuma layi suke bi don in yanka musu.

Don Allah ki aiko mini da bargona. Ki gaya wa Kaka ta kwantar da hankalinta, abinci dai har yanzu da hannun dama nake ci.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki mai kewarki.