Gwajin da Bai Kai Minti Biyar Ba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya maigidan, ya yara, ya zaman Fatakwal? Ya ƙarin haƙurinmu?

Kin tambayi ciwon da ya yi ajalin Baba. Kwalara ce. Kwana biyu Inna tana ba shi jiƙo a Dayi, wai basir ne, kafin a kawo shi asibitin da nake aiki, lokaci ya riga ya ƙure. Ni na gwada bayan gidansa. Ɗigo ɗaya na sa a gilashi, ko rinawa ban yi ba, na duba a madubin likita, sai ga ƙwayoyin suna ta wulgawa. Ko minti biyar gwajin bai ci ba, Yaya.

Ki gaida kowa, a sa Baba a addu'a. Don Allah kada ki gaya wa Inna. Har yau cewa take da an ƙara masa jiƙon da ya tashi.

Ƙanwarki,
Binta