Ajin Mushe Munkaila

Matameye

Zuwa ga ƙanwata Firdausi,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, karatun jami'a yana tafiya. Inna da mutan gida duk suna gaishe ki.

Abin da zan faɗa nauyinsa ya hana ni faɗa a waya. Mushe Munkaila, malamin nan mai koyar da fizik da shimi, wato ilimin sinadarai, a lisenmu ta sakandare, ya faɗi da babur a hanyar Ɗan Barto, ƙafarsa ta karye. Shugaban makaranta ya ce in riƙe ajinsa na ƙarshe, masu jarabawar bak ta shiga jami'a bana. Kin san ni malamin ilimin ƙasa da halittu ne. Rabona da fizik tun ina ɗalibi. Jiya wata yarinya, Badariyya, ta yi min tambaya kan wutar lantarki, na ce sai gobe, gumi na keto min. Yaran nan iyayensu sun zuba musu ido. Idan kina da dabara, ki taimaki yayanki.

Ki huta lafiya,
Iliyasu

Damagaram

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na yi dariya, sannan na ji tausayinka. Wai yau kai ne da gumi gaban allo!

Ga katin memori na waya na ba direba tare da wannan takarda. Laccoci ne na malaman jami'o'i, da Faransanci, sun saka a intanet kyauta ga duk mai so. Da su muke rayuwa idan an tafi yajin aiki. Na ware maka waɗanda suka yi daidai da bak. Kada ka kalle su kamar fim. Ka tsayar, ka ɗauki biro, ka yi lissafin da hannunka.

A gaishe min da Inna, a ce ina marmarin furarta.

Taka,
Firdausi

Matameye

Firdausi,

Bayan gaisuwa, Allah ya yi miki albarka. Kullum bayan asuba ina zama da laccocin, abin da ya gagare ni in kai wa Munkaila a kan gadonsa mu warware.

Daga baya na ga ɓoyon ba shi da amfani. Na gaya wa yaran gaskiya, na aro talabijin, muka riƙa kallo tare muna tsayarwa muna gardama. Sai wani uba, Alhaji Mussa, ya kai ƙara cewa fim nake nuna wa ƴaƴan mutane. Ranar Talata sufeton makarantu ya zo ba sanarwa, ya zauna a bayan aji. Ana tsakiyar lacca ya sa na tsayar, ya fitar da Badariyya gaban allo, ya ba ta tambayar da ba mu taɓa yi ba. Ta yi kuskure, ta goge, ta sake, har ta kai ƙarshe. Sufeto ya rubuta abin da ya rubuta, ya shiga mota.

Tun ranar abinci ba ya min daɗi. Ki sa ni a addu'a.

Yayanki,
Iliyasu

Matameye

Firdausi,

Alhamdu lillahi. Sakamako ya fito, mafi yawan yaran sun ci, waɗanda suka rage ma za su je zagaye na biyu. Sufeto ya aiko, ba takardar laifi ba ce, kwafin katin yake so ya raba wa malaman Yauri da Dungu. Munkaila ya fara takawa da sanda, ya ce in ba shi ajinsa idan an koma. Na ce ko yau.

Jiya na koma barci bayan asuba, ban farka ba sai hantsi. Ashe Inna ta leƙo, ta ce a bar ni in huta.

Ki zo hutu da wuri.

Iliyasu