Alluran Inna

Litinin, 3 ga Maris
Jibi za a yi mini aikin leza a ido. Tun firamare nake fama da tabarau, na gaji da sunan Ido Huɗu. Likita ya jero mini abin da ka iya biyo baya: bushewar ido, dishi-dishin fitilu, kuma tunda na haura arba'in, ganin nesa zai gyaru amma na kusa na iya guduwa. Na ce na ji. Kai kawai nake gyaɗawa.

Talata, 4 ga Maris
Na zura wa Inna zare a allurai da yawa, na soke su a matashinta. Idonta ya daɗe da tafiya, da lalube take ɗinki, kuma ɗinkin nan shi kaɗai ya rage mata. Mu biyu ne a gidan. Kullum da safe nakan cire tabarau, in kawo allura dab da hanci, zare ya wuce.

Asabar, 8 ga Maris
Daga kan gado ina karanta agogon bango. Sai dariya nake ni kaɗai.

Laraba, 19 ga Maris
Ido kamar an watsa yashi, ga maganin ɗigawa a kowace jaka. Wannan da sauƙi. Alluran Inna sun ƙare. Na kai hannu in cire tabarau, babu abin cirewa. Na matso da allura, na nesanta ta, kafar ta ƙi fitowa. Na tsotsi zaren har ya jiƙe.

Alhamis, 27 ga Maris
Likita ya ce aiki ya yi kyau, abin da ya faɗa ne ya faru, kuma ba ya komawa. Tabarau na karatu zan saya. Ni da na raba nawa a unguwa har da kuri.

Talata, 1 ga Afrilu
Inna ta ce, "Bar shi, 'yar nan, dama yatsuna sun gaji." Ƙarya take, don ni. Wuni take zaune tana shafa matashin. Abin ya tsaya mini a rai.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Na sayi tabarau na karatu. Na ɗan lokaci ne, na zura zare kawai. Da na miƙa mata allurar farko, ta lalubo fuskata, yatsanta ya ci karo da ƙarfen.
"Sun dawo?"
Na ce ba su ba ne, ƙannensu ne.
"To, ki gaishe su. Miƙo baƙin zare."
Har azahar suna hancina, na manta ban cire ba.