Shaidun Annabi Isa a Gaban Muhutin Kurfi

Dutsin-Ma, 9 ga Satumba, 1963

Zuwa ga mahaifina, Malam Tukur Muhuti, Kurfi.

Baba, ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga ubanta, da fatan ƙafar nan ta yi sauƙi. Yaya Inna da mutanen gida? Mu nan lafiya lau, maigidana Malam Lawal yana gaishe ka da kyau.

Na san maganar ta riga ni isowa Kurfi, cewa ana ganina gidan Kyauta ungozoma, Kiristar nan, ina karatun littattafan Kirista. Gaskiya ne ina zuwa, amma ka ji dalili daga bakina.

Ka san bayan koyarwar da nake yi a firamare ina karatu ta gidan waya, don in ci jarrabawar shiga horon manyan malamai. Malamin tarihi da ke duba takarduna daga Ingila ya aiko da tambaya: wasu sun ce ba a taɓa yin wani mutum Annabi Isa ba, mabiyansa ne suka ƙaga shi, mece ce shaidar cewa ya rayu? Raina ya ɓaci. Na cika shafi uku da abin da ka karantar da mu. Takardar ta dawo da jan alƙalami. Ya ce na faɗa masa abin da na yi imani da shi, ban faɗa masa yadda zan gamsar da wanda bai yi imani ba.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Mijin Kyauta ne kaɗai mai irin waɗannan littattafai a garin nan, shi ya sa na je. Malam Lawal bai hana ni ba, amma maganar mutane ta dame shi. Baba, shekara ashirin ka yi kana auna shaidu a gaban alƙali. Ka gaya mini yadda ake yi. In kuma ka ce in bari, zan bari.

Ɗiyarka,
Turai

Dutsin-Ma, 14 ga Oktoba, 1963

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ina fatan an kai gero gida lafiya. A gaishe da Inna.

Mako uku ina jiran amsarka, har na fara cire rai. Da ta zo na karanta ta a tsaye a bakin ƙofar aji. Ba ka ce mini komai kan masu magana ba, sai ka shiga aiki, kuma na gane.

Na bi abin da ka ce, na jera shaidun kamar a zauren shari'a, ina tambayar kowane: wane ne shi, ya gani ne ko ji ya yi, me zai samu. Mabiyan Annabi Isa na sa su gefe guda tukuna, tunda ka ce ba a yanke hukunci da shaidar ɗa ga ubansa. Kyauta ta ji zafin wannan, ta ɗaure mini fuska. Daga baya ita ce ta nuna mini wasiƙar wani daga cikin mabiyan, inda ya ce ya sadu da ɗan'uwan Isa ido da ido. Na rubuta wannan, don ya yi kusa da zamanin.

Akwai wani Bayahude mai rubuta tarihi da ya ambaci Isa wuri biyu. Wuri ɗaya yabo ya yi yawa, irin wanda Bayahude ba zai yi ba. Na so in jefar da shi, sai na tuna takardar gonar da ka ba ni labari, wadda aka ƙara wa layi da wani tawada, kuka cire ƙarin kuka bar asalin. Ni ma haka na yi. A wuri na biyu kuwa yana maganar wani mutum ne, ya ce ɗan'uwan Isa ne, ya wuce abinsa.

Babban shaidana wani marubucin Rum ne da ya tsani mabiyan Isa, yana zaginsu. Duk da haka ya faɗi ƙasar da Isa ya fito da gwamnan da ke mulki a lokacin. Ka ce maƙiyi idan ya yi shaidar da ta amfani abokin gabansa, ana karɓa. Na kuma rubuta rauninsa, cewa bai ga abin da idonsa ba, sai bayan shekara kusan tamanin ya rubuta.

Wuri ɗaya ya tsayar da ni. Mutumin Rum ya ce an kashe shi. Na rubuta cewa ya faɗi abin da ya tarar ana faɗa, ni Musulma ce, na riƙe cewa kamanta musu aka yi, kuma tambayar da aka yi mini ita ce ko ya rayu. Ban sani ba ko wannan zai kayar da ni. Na aika a haka.

Ɗiyarka,
Turai

Dutsin-Ma, 2 ga Disamba, 1963

Baba, albishirinka! Gaisuwa ta biyo baya, yau ka yafe mini.

Takarda ta dawo jiya, na sami tamanin da biyar bisa ɗari. Wurin da na ji tsoro malamin bai taɓa shi ba, layi kawai ya ja, ya rubuta cewa na raba abin da na sani da abin da na yi imani da shi, kuma haka ake so. Ya sa sunana cikin masu zama jarrabawar Yuni, ya nemi izini ya aika amsata ga sauran ɗalibansa a wasu ƙasashe.

Malam Lawal ya ɗauki takardar ya tafi da ita majalisarsu, ya fassara musu da kansa. Kyauta ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Har yanzu ba mu daidaita kan ƙarshen Annabi Isa ba, kowa na kan nata, amma jiya kwano ɗaya muka ci.

Sauran abu ɗaya. Baturen ya tambayi wace makaranta ce ta koya mini auna shaidu haka. Na rubuta masa sunanka da aikinka da garinmu. Ya yiwu ya rubuto maka. In ka ga ambulan mai kan sarkin Ingila, kada ka ba kowa ya karanta maka. Ka ajiye, ina nan tafe ran Juma'a, ni zan karanta.

Ka ce wa Inna ta dafa mini wake.

Ɗiyarka mai ƙaunarka,
Turai